Kifewa a Bakin Gaɓa: Nazarin Lamarin Wata 'Yar Wasan Golf

Wannan nazari ya bi sawun wata ƙwararriyar 'yar wasan golf, wato ƙwallon lambu, 'yar ƙasar Tailan, daga 2013 zuwa 2025. An sakaya sunanta kamar yadda aka saba a irin wannan rubutu, amma ranaku da alƙaluman duk na gasannin da aka buga ne a bainar jama'a. Matsalarta guda ce, kuma duniya ta sha ganin ta a talabijin: sai ta yi kwana uku da rabi tana gaban kowa, da an zo ramukan ƙarshe sai wasan ya wargaje mata a hannu.

Yadda ake lissafin wasan

A golf, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ke da nasara. Fili yana da ramuka 18, kuma kowane rami an yanka masa yawan bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi kafin ƙwallo ta faɗa, uku ko huɗu ko biyar. Wannan adadi shi za mu riƙa kira ƙa'ida. Wanda ya gama rami da bugu ɗaya ƙasa da ƙa'ida ya samu ragi, wanda ya haura da ɗaya ya yi ƙari. Manyan gasanni kwana huɗu ake yi, ramuka 72 ke nan. Bayan kwana biyu akan yi tankaɗe, a sallami kusan rabin 'yan wasa, kuma a yawancin gasanni wadda aka sallama ba ta da ko sisi, ga kuɗin jirgi da masauki da ladan mai ɗaukar jaka duk a wuyanta. Doka ba ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanda fiye da 14 a jakarsa ba.

Ƙwallon golf a ajiye take. Ba mai kawo maka hari, ba mai ƙwace ta. Zagaye ɗaya yakan ci awa huɗu zuwa biyar, amma in aka tattara lokacin da ake kaɗa sanda bai fi 'yan mintuna ba. Sauran duk tafiya ce da jira, mutum da zuciyarsa.

Asali: 1995 zuwa 2012

An haife ta a Bankok a watan Nuwamba 1995. Mahaifinta yana da shagon kayan golf a wani filin wasa, don haka ita da yayarta, wadda ta girme ta da shekara ɗaya da 'yan watanni, a cikin sanduna suka buɗe ido. Yayar ma ta zama ƙwararriya, kuma za ta riƙa fitowa a wannan labari.

A 2007, tana da shekara 11, ta ci gwajin shiga gasar Honda LPGA Thailand, ta zama mafi ƙarancin shekaru da ta taɓa samun gurbi ta wannan hanya a wata gasar LPGA, babbar ƙungiyar gasannin mata da ke Amurka. A 2011 ta ɗauki kofin 'yan mata matasa na Amurka. A ƙarshen 2012 ta shiga sahun masu wasa don kuɗi. Da yake ba ta cika shekara 18 da LPGA ke nema ba, sai ta nufi ƙungiyar gasannin mata ta Turai, ta zo ta ɗaya a gwajin shiga.

Abin da aka fi saninta da shi tun lokacin shi ne ƙarfi. Ƙwallonta takan wuce ta yawancin abokan karawarta nesa ba kusa ba, kuma tana da hannu mai laushi a kusa da rami. Ba wanda ya taɓa cewa baiwarta ta gaza.

Farkon matsalar: 24 ga Fabrairu 2013

Filin Siam Country Club ne, kusa da Pattaya, a gaban 'yan ƙasarta. Tana da shekara 17, an gayyato ta gasar Honda LPGA Thailand a matsayin baƙuwa. A ranar ƙarshe ta jefa ƙwallo rami na 12 da bugu ɗaya tak. Ta iso rami na 18, mai ƙa'idar bugu biyar, tana gaba da ratar bugu biyu. Inbee Park ta Koriya ta Kudu ta riga ta gama nata wasan tana jira. Lissafin a fili yake: ko da ta yi ƙari, ta gama da bugu shida, kofi nata ne, kuma ita ce za ta zama 'yar Tailan ta farko da ta ci gasar LPGA.

Bugunta na biyu ya faɗa kwarin yashi, ƙwallo ta maƙale inda ba ta buguwa. Ta ɗauke ta, aka ƙara mata bugun tara. Na gaba ya tsallake dardumar ciyawar da ramin ke kai, ya faɗa baya. Daga nan kowane bugu sai ya haifi wani. A ƙarshe ta tsaya a kan 'yar gajeriyar mirginawa, wato bugun da ake gangara ƙwallo da shi zuwa rami, wadda da ta faɗa da an tafi raba gardama, ita ma ta kauce. Bugu takwas. Park ta ci da ratar ɗaya. Hoton da ya zaga duniya a ranar shi ne nata tana kuka a kafaɗar yayarta.

A lokacin an ɗauki abin a matsayin ƙuruciya, kuma akwai dalilin ɗaukarsa haka. A ƙarshen Maris ta ci kofin Lalla Meryem a Maroko, nasararta ta farko a matsayin ƙwararriya, ta kuma ci gaba da zuwa sahun gaba a gasannin LPGA da aka gayyace ta. Kafin tsakiyar shekara ta shiga cikin mata 20 na farko a jadawalin duniya. Ba a yi wani gyara na musamman ba, domin ba a ga abin gyarawa ba tukuna.

Raunin kafaɗa: Yuni 2013 zuwa 2014

A watan Yuni 2013, ana atisaye kafin gasar Wegmans LPGA Championship a jihar New York, tana wasa da yayarta, ta bi ta da gudu da gorar ruwa, sai ta zame a gangaren wurin bugun farko ta faɗi. Guringuntsin kafaɗarta ta dama ya yage. Aka yi mata tiyata a Bankok, ta yi kimanin wata takwas ba ta shiga gasa ba.

Ta dawo a 2014 da kafaɗar da ta warke amma ba ta koma yadda take ba, kuma yadda take kaɗa sanda ya sauya. Inda abin ya fi bayyana shi ne a direba, sanda mafi tsawo a jaka, wadda ake buɗe dogayen ramuka da ita. Direba ba ta yafiya: ɗan karkacen fuskarta a lokacin haɗuwa da ƙwallo, ga mai ƙarfi irin nata, yakan jefa ƙwallo cikin bishiyoyi ko ruwa. A watan Disamba 2014 ta zo ta uku a gwajin shiga LPGA, ta samu cikakken gurbi.

Tankaɗe goma a jere: 2015

Shekarar ta fara da kyau. A watan Fabrairu ta kai zagayen raba gardama a tsibirin Bahamas, Kim Sei-young ta doke ta. Ta zo ta uku a Ostireliya. Daga nan sai abin ya juya: gasa goma a jere ana sallamarta bayan kwana biyu.

Abin da aka gwada a wannan tsakani shi ne abin da kusan kowane ɗan wasa ke fara gwadawa, wato a ci gaba da shiga gasa, a ci gaba da atisaye, a sa ran wata rana hannu zai faɗa. Bai yi aiki ba. Ta sha bayyanawa daga baya cewa tsoro ne ya cika ta a lokacin, tsoron inda ƙwallo za ta nufa da tsoron sake faɗuwa a tankaɗe. 'Yar wasan da a 2013 matsalarta ke jiran rami na 72, yanzu tun ramin farko na ranar Alhamis, ranar buɗe gasa, take ɗauke da ita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ƙwallo yana tunanin inda ba ya so ta je ya san yadda hannu ke ƙagewa. Ta gama shekarar ba kofi, ko da yake sakamakon farkon shekara da ɗan farfaɗowar ƙarshenta sun riƙe mata gurbinta.

Gyare-gyare uku da faɗuwa ta biyu: farkon 2016

Abu na farko, ta koma wajen kocin kaɗa sanda Gary Gilchrist. Na biyu, ta riƙa barin direba a waje gaba ɗaya. Maimakonta sai ta buɗe ramuka da sandar katako mai lamba 3 ko ta ƙarfe mai lamba 2, wadda mata ƙalilan ne ke iya ɗaga ƙwallo da ita. Wannan shawara ta yi arha a gare ta fiye da kowa, domin ko da waɗannan gajerun sanduna tana kamo nisan da wasu ke samu da direba.

Na uku, ta fara aiki da Pia Nilsson da Lynn Marriott, masu makarantar Vision54 a jihar Arizona. Nilsson 'yar Suwidin ce, ta daɗe tana horar da 'yan wasan ƙasarta, ciki har da shahararriyar 'yar wasa Annika Sörenstam. Sunan makarantar daga lissafi ya fito: fili mai ƙa'idar bugu 72, in aka samu ragi a duk ramuka 18, an tashi da 54. Tsarinsu ya raba kowane bugu gida uku. A bayan ƙwallo ake tunani, a auna iska da nisa, a zaɓi sanda, a yanke shawara. Da an taka zuwa kan ƙwallo tunani ya ƙare, saura aiwatarwa. Bayan bugu kuma akwai abin da ɗan wasa zai zaɓa ya ajiye a ransa da wanda zai bari a nan. Suna kuma sa ɗan wasa ya auna kansa da abin da ke hannunsa, kamar ko ya tsaya a kan shawarar da ya yanke, maimakon inda ƙwallo ta je.

Gwajin farko ya zo da wuri. Ranar 3 ga Afrilu 2016, a gasar ANA Inspiration da ke Rancho Mirage a Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan gasanni biyar na mata, tana gaba da bugu biyu saura ramuka uku. Ta yi ƙari a na 16. Ta yi ƙari a na 17. A na 18 bugunta na farko ya karkata hagu ya faɗa ruwa, ta sake yin ƙari. Lydia Ko ta ɗauki kofi, ita kuma ta ƙare ta huɗu.

A ido, tarihi ne ya maimaita kansa. Bambancin yana cikin abin da ya biyo baya. A wannan karon an zauna an warware ramukan ukun ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya fito shi ne in matsi ya yi yawa komai nata sauri yake yi, tafiya da shawara da kaɗa sandar kanta. Maganin da suka tsayar ƙarami ne ƙwarai. Kafin ta taka zuwa kan ƙwallo, za ta tsaya a bayanta, ta ja numfashi, ta yi murmushi. Kowane bugu, ko tana gaba ko tana baya. Masu kallo da yawa sun ɗauka fara'a ce kawai. Birki ne aka dasa a daidai inda motar ta saba ƙwacewa.

Abin da ya biyo baya: Mayu zuwa Nuwamba 2016

Ranar 8 ga Mayu ta ci gasar Yokohama Tire LPGA Classic a Alabama da ratar bugu ɗaya, ta zama 'yar Tailan ta farko da ta ci gasar LPGA. Ranar 22 ga wata ta ci Kingsmill a Virginia, nan ma da ɗaya. Ranar 29 ta ci Volvik a Michigan da biyar. Ba a taɓa samun wadda kofunanta uku na farko a LPGA suka zo a jere ba sai ita. Biyun farko sun fi muhimmanci ga wannan nazari, domin ratar bugu ɗaya na nufin sai da ta tsaya a ramin ƙarshe ba ta da damar kuskure.

Ranar 31 ga Yuli, a filin Woburn na Ingila, aka yi zagayen ƙarshe na Women's British Open, ita ma ɗaya daga cikin manyan gasanni biyar ɗin. Ba direba a jakarta. Ta buɗe rata mai faɗi a ramukan farko, sannan a rami na 13 ta haura ƙa'ida da bugu biyu, ratar ta dawo ɗaya. A nan ne aka saba ganin ta zube. Ta riƙe ƙa'ida a ramuka uku na gaba, ta mirgina wata doguwa ta faɗa a na 17, ta gama da bugu 16 ƙasa da ƙa'ida, uku gaban Mirim Lee da Mo Martin. Ba wani ɗan Tailan, namiji ko mace, da ya taɓa cin babbar gasar golf kafin wannan rana.

A wasannin Olamfik na Rio ita ce kan gaba bayan ranar farko, amma ciwon gwiwa ya sa ta janye a rana ta uku. Mako guda bayan haka ta ci gasar Kanada. Ta rufe shekarar da kofi biyar, da kambin gwarzuwar shekara, da kuɗin gasa sama da dala miliyan 2.5, mafi yawa a LPGA a shekarar.

Koma-baya: 2017

A watan Yuni ta ci gasar Manulife a Kanada, washegari ta hau matsayi na ɗaya a duniya. Mako biyu ta yi a kai. Daga nan aka sallame ta a tankaɗen manyan gasanni huɗu da suka rage a shekarar, ciki har da wadda take riƙe da kofinta. A watan Nuwamba ta dawo ta ci gasar rufe shekara ta CME a Florida da ragi a ramuka biyu na ƙarshe, bayan Lexi Thompson ta ɓarar da wata 'yar gajeriyar mirginawa a rami na 18.

Shoal Creek: 3 ga Yuni 2018

In ana neman rana ɗaya da za a auna duk wannan lamari da ita, to wannan ce. Gasar U.S. Women's Open ce, a filin Shoal Creek na Alabama, wanda ruwan sama ya jiƙa sharkaf a makon. Ta shiga ranar ƙarshe da ratar huɗu. Ta buga ramuka tara na farko da bugu 32, ta kai 16 ƙasa da ƙa'ida, ratar ta zama bakwai. Saura ramuka tara.

A rami na 10 ta zaro sandar katako mai lamba 3, wadda aka ɗauko tun farko don ta maye gurbin direba, wadda ita ce abin dogaronta shekara biyu. Ƙwallo ta karkata dama ta faɗa rafi. Ta tashi daga ramin da bugu bakwai a inda ƙa'ida huɗu ce. Ta faɗa daga baya cewa daga nan ta ji tsoron sandar. Ta yi ƙari a na 12. A gabanta kuma Kim Hyo-joo ta Koriya ta Kudu tana ta jefa dogayen mirginawa, ta gama da 67. Ragin da ta samu a na 16 ya ba ta ratar biyu saura ramuka biyu, daidai irin matsayin da ta taɓa tsayawa a kai a baya. Ta yi ƙari a na 17, ta yi ƙari a na 18. Ramuka tara na ƙarshe sun ci mata bugu 41. Su biyun suka yi kunnen doki a 11 ƙasa da ƙa'ida.

Ta fuskar alƙaluma wannan zubewa ta fi ta 2013 da ta 2016 muni in aka haɗa su. Kuma ba ta samu daren da za ta kwana ta huce ba, domin raba gardamar gasar ramuka biyu ce, kuma nan take ake buga ta.

A ramin farko, na 14, Kim ta sake jefa wata doguwa ta samu ragi. Kyamara ta nuno wadda ta zubar da ratar bakwai tana tafa mata. Ba ƙaramin abu ba ne a ce mutum yana cikin wannan hali idonsa na iya ganin kyan bugun wani. A na 18 Kim ta yi ƙari, ita ta riƙe ƙa'ida, aka koma kunnen doki. Aka shiga rami-rami, wanda ya faɗi ya fita. Suka yi daidai a na 14. A na 18 dukansu suka faɗa kwarin yashi a gefen darduma. Kim ta fito da tata nesa da rami, ta kasa jefawa. Ita kuwa ta tsaya a bayan ƙwallo kamar kullum, ta shiga yashin, ta watso ta ta tsaya dab da bakin rami. Ta ɗauki kofin da dala 900,000.

A watan Yuli ta ci gasar Scotland ta koma ta ɗaya a duniya. A ƙarshen shekara ta haɗa kambin gwarzuwar shekara da na mafi yawan kuɗi da kofin Vare na mafi ƙarancin matsakaicin bugu.

Fari da komawa Pattaya: 2019 zuwa 2021

2019 da 2020 sun wuce ba kofi. Ta bayyana cewa a wannan tsakani ta sha gaya wa masu horar da ita tana so ta ajiye sanda ta huta.

Ranar 9 ga Mayu 2021 aka yi zagayen ƙarshe na Honda LPGA Thailand a filin nan dai na Siam Country Club, ba 'yan kallo saboda annobar korona. Ta fara ranar tana baya da bugu biyar. Ta buga 63, tara ƙasa da ƙa'ida, kuma a rami na 18, wanda ya ci mata takwas shekara takwas da suka wuce, ta tashi da huɗu. Saura wata matashiya 'yar ƙasarta, Atthaya Thitikul, wadda ke buƙatar ragi a ramin ƙarshe don a tafi raba gardama. Sai hadari ya taso, aka dakatar da wasa fiye da awa ɗaya. Da aka dawo Atthaya ba ta samu ragin ba. Labari ya iske ta a wurin atisaye, ta durƙushe tana kuka, kwana 1,015 rabonta da kofi. Ita ce 'yar Tailan ta farko da ta ci gasar. A watan Yuli ita da yayarta suka ci gasar 'yan bibbiyu ta Dow a Michigan, kofinta na 12 a LPGA.

27 ga Afrilu 2025

Gasar da ta kuɓuce mata a 2016 an sauya mata suna zuwa Chevron Championship, an kuma mayar da ita kusa da Houston a jihar Texas. Tana da shekara 29, ta iso rami na 18, mai ƙa'idar biyar, tana gaba da bugu ɗaya. Bugu biyu suka kai ta cikin ciyawa mai kauri a gefen darduma. Ta kaɗa sanda don ɗan ɗaga ƙwallo, sandar ta shige ƙarƙashi, ƙwallon da ƙyar ta motsa daga inda take. Ta sake bugawa ta hau darduma, ta gama da shida. Mutum biyar suka tafi raba gardama, har da Kim Hyo-joo. Mao Saigo ta Japan ta ci a ramin farko.

Hukunci

Fassarar da aka yi wa abin a 2013, cewa ƙuruciya ce kuma shekaru za su gyara, ita ce kuskuren farko, kuma nasarar Maroko ta taimaka wajen rufe shi. Shekara uku aka yi kafin a kira matsalar da sunanta. Haka nan ci gaba da shiga gasa a 2015 ba tare da sauya komai ba ƙara zurfafa ramin ya yi, domin kowace sallama hujja ce sabuwa ga tsoron da ke haddasa ta.

Gyare-gyaren 2016 sun zo kusan lokaci guda, amma kowanne da aikin da ya yi. Aikin koci ya daidaita kaɗa sandar da tiyata ta sauya. Ajiye direba ya rage girman kuskure, kuma a ganina ya fi haka: ya cire mata gardamar da take yi da kanta a farkon kowane dogon rami. Na yaba da wannan shawara ƙwarai, domin mai ƙarfi ba ya son a ce ya ajiye abin da ake yabonsa da shi. Sai dai ba shawarar da kowa zai kwafa ba ce. 'Yar wasan da ba ta da nisanta, in ta bar direba, ta ba da ratar da ba za ta iya biya ba. Kuma Shoal Creek ya nuna iyakar dabarar, tunda tsoron ya tashi daga direba ya koma kan sandar da ta gaje ta cikin bugu ɗaya.

Abin da ya fi yin aiki shi ne wanda ya fi ƙanƙanta. Ya yi aiki ne saboda an gano takamaiman abin da jikinta ke yi a ƙarƙashin matsi, wato sauri, aka sa masa abin da ido ke gani kuma ake iya maimaitawa. A ce wa mutum ya kwantar da hankalinsa bai ba shi abin yi ba. A ce ya tsaya nan, ya ja numfashi, ya yi murmushi, sannan ya taka, wannan aiki ne da ake iya yi ko gaba na faɗuwa. Kuma da yake tana yin sa a kowane bugu tun ranar Alhamis, ba baƙon abu ba ne in Lahadi ta zo.

Ban yarda a ce ta warke ba, kuma ban ga adalci a ce ta gaza ba. Zubewar ba ta daina zuwa ba: ta zo a Woburn, ta zo a Shoal Creek, ta zo a Texas. Nasarar Pattaya ma, duk da daɗinta, daga baya ta taso, ba rata ta kare ba, don haka ba ta amsa tambayar kai tsaye ba. Abin da ya sauya shi ne tsawon lokacin da kuskure ke ɗauka kafin ya sake ta. A Woburn rami ɗaya ya ci. A Shoal Creek ya ci tara, amma ya bar ta da sauran hankalin da za ta buga ramuka huɗu na raba gardama ba ƙari ko ɗaya. A Pattaya a 2013, bugu ɗaya da ya ɓaci a ramin ƙarshe mai ƙa'idar biyar ya ja wasu har suka kai takwas, ko raba gardama ba ta samu ba. A Texas a 2025, a rami irinsa, bayan bugun da ya fi wancan ban kunya a gaban kyamara, ta tsayar da ɓarnar a shida, ta koma ta sake buga ramin tare da sauran huɗun.